Sunan da Na Kai Landan Na Komo da Shi

Kwana uku da barinmu Ikko, wato Legas, a jirgin ruwa na gane cewa ban san fuskar ɗana ba.

Ina tsaye na riƙe ƙarfen bakin jirgi, ba abin da ido ke gani sai ruwa ya haɗe da sama, sai na ce bari in kirawo mutanen gida ɗaya bayan ɗaya a zuciya, ko na ɗebe kewa. Inna, mahaifiyata, ta zo da wushiryarta da zanen saƙinta. Mai ɗakina ta zo. Har sarkin fawan Boɗinga ya zo, wanda ban gayyata ba. Amma da na kai kan yaron sai na ga ƙeya. Na juya shi, ya ƙi juyawa. Na san ɗan zankon da aka bar masa, na san tafin ƙafarsa, na san yadda layar wuyansa ke lilo in yana gudu. Fuskar ce babu, don ban taɓa kallonsa ba sai in ya ba ni baya.

Ɗan fari ne, kuma Inna Bafulatana ce ta rugagen Shagari, saboda haka kunyar ɗan fari a gidanmu ninki biyu ce. Ban taɓa ɗaukarsa ba, ban taɓa faɗin sunansa ba. In ya faɗi a gabana sai in dubi sama har wani ya zo ya ɗaga shi. Lokacin da zan tafi shekararsa biyu da 'yan watanni, an kai shi yaye wurin Inna a Lambara, can kuma ya zauna.

Ni malamin elementare ne a Boɗinga a lokacin, cikin shekarun da aka fara maganar mulkin kai. En'e ta zaɓe ni in je Ingila in koyo yadda hankalin yara ke girma, in dawo in koya wa malamai. Da labari ya kai Lambara an sha dariya. Inna ta ce ita ba ta taɓa jin an haye teku neman abin da ke rarrafe a tsakar gida ba.

"Yaro ba a koya mai girma," in ji ta. "Shi zamna, shi rarrafa, shi tashi, a yaye shi. Hankali ko sai haƙoran nono sun zube. Wanga shi na karatun duka."

Mako biyu muka yi bisa ruwa. Na farkon na yi yawancinsa a kwance ina amai, na biyun na yi shi a zaune ina kallon wasu fararen tsuntsaye da ke bin jirgin, ina mamakin inda suke kwana.

A Libaful muka sauka, sanyi ya tare ni kamar na ci masa amana. Ina rawar ɗari cikin 'yar shara da babbar riga sai ga wani baƙin mutum ya yi mini sallama da Hausa. Wayyo, daɗin da na ji. Ya ce ya yi zama a Kano, ya ce baƙo ɗan'uwan baƙo ne, ya ce in ban sami kwat yanzu ba, kafin in kai Landan sai dai a kai gawata. Ya buɗe jaka ya fito da wata kwat mai kauri, mai gashi a wuya. Bai nemi kuɗi ba, ya dai ga matasan kai na fata guda biyu na aikin dukawan Sakkwato da na riƙo don tsaraba, ya ce su ma sun isa, tunda 'yan'uwa ne mu. Na ba shi har ina sa masa albarka.

A Landan na yini uku ina ƙwanƙwasa ƙofofin da aka rubuta akwai ɗakin haya. Ana buɗewa a dube ni, sai ɗakin ya cika. A ƙofa ta ƙarshe wata mata mai suna Misis Wud ta dubi fuskata, ta dubi kwat ɗina, ta ɗan cije leɓe, ta ce in shigo. Mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ba ya cika zama gida. Suna da 'ya ɗaya, Jeni, mai shekara huɗu. Ita ce ta zagaya ni sau biyu, ta taɓa gashin wuyan kwat ɗin, ta ce irin na kakarta ne sak, me ya sa na sa kayan mata? Ashe kwana huɗu ina yawo a birnin Sarauniya cikin rigar tsofaffin mata, ina ɗaga kai. Manya dubu sun gani sun yi shiru, sai 'yar yarinya ce ta faɗa mini. Washegari na tarar da tsohuwar kwat ta maigidan a rataye a ƙofar ɗakina, kuma Misis Wud ba ta taɓa tayar da zancen ba.

Malamarmu a kwaleji wata dattijuwa ce, Mis Tomsin, siririya, gashinta fari fat, ba ta taɓa aure ba. Ranar farko ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana tambayar wa ke da 'ya'ya. Mutumin Gwalkwas, wato Gana ta yanzu, ya ce biyar, ya jera sunayensu. Wani mutumin ƙasar Malaya ya fito da hoto. Da ta zo kaina, mata a gabana, baƙi a bayana, sai bakina ya yi abin da ya saba yi a gida. Na sunkuyar da kai na ce tukuna dai. A Shagari kowa zai gane, a yi murmushi a wuce. Ita kuwa ta ɗauka gaskiya ce. Ta ce ba komai, wanda bai haifa ba sau da yawa ya fi iya kallo, don idonsa bai riga ya saba ba.

Kallo kuwa shi ne karatun. Aka ce kowa ya zaɓi yaro ɗaya, ya zauna kusa da shi sa'a guda kullum, ya rubuta abin da ya yi da abin da ya ce, kada ya ƙara nasa. Na roƙi Misis Wud, ta ba ni Jeni. Sai ga ni, wanda bai taɓa duban nasa ido cikin ido ba, ina zaune a ƙasa gaban murhu ina ƙirga sau nawa 'yar wani ta lashi yatsa.

Na ga abubuwa, ba zan ɓoye ba. Mis Tomsin ta ce jariri, kafin ya yi wata takwas ko kusa da haka, abin da ya ɓace wa idonsa ya ɓace daga duniya, ka rufe cokali da ƙyalle ba zai neme shi ba. Ran da ya fara ɗaga ƙyallen, ran nan ya gane uwarsa ma tana nan ko ba ya ganinta, kuma a nan ne yake fara ƙin baƙo. Na ce a raina, ai wannan ƙiwa ce, kowace tsohuwa a garinmu ta san ta, dalilin ne dai ba mu taɓa nema ba. Malamar ta ce yaro ƙarami yana zaton abin da ya gani shi kowa ya gani. Na koma gida na ce wa Jeni ta ɓuya, ta tsaya a tsakiyar ɗaki ta rufe idonta da hannu, ta ce in neme ta. Ta ce mini rana tana bin ta makaranta, kuma in ta shiga aji ranar tana jiranta a waje.

Wanda ya fi shahara a ajin shi ne gwajin ruwa. A zuba ruwa daidai a tambulan biyu, yaro ya yarda daidai suke. A gabansa a juye ɗaya cikin doguwar kwalba siririya, a ce wanne ya fi yawa? Jeni ta ce na kwalba, ta rantse. Aka ce haka yara suke sai sun kai wajen shekara bakwai. Nan na ɗaga hannu. Na ce a kasuwar Shagari akwai 'yan matan Fulani masu shekara biyar da ke zama gefen iyayensu wurin sayar da nono, ka juye ludayi ɗaya cikin ƙoƙo ko cikin gora, ba mai ruɗa su, sai dai su ruɗa ka. Aji ya yi dariya. Mis Tomsin ba ta yi ba. Ta ce in na koma in gwada in rubuto mata, don masu littattafan nan 'ya'yan garinsu kawai suka kalla.

Da sanyi ya kankama rana ta daina fitowa sosai. Takan leƙo da hantsi kamar mai jin kunyar surukai, kafin la'asar ta tafi. Gajimare ya sauko har ƙasa, mutane na fitowa daga cikinsa suna komawa ba sallama. A kwanakin nan ban san inda nake ba sosai. Ina cikin motar bas sai in ga fadamar Dancadi ta can gida ta shimfiɗu a tagar, kore shar, jigon ban ruwa na sunkuyawa yana tashi, mutane sun duƙa cikin kwamin albasa. Wata rana na shiga kanti na ga albasa a kwando, na ɗauki ɗaya na shinshina, na daɗe a tsaye har mai kanti ya tambaye ni ko lafiya. Kewar gida ce kawai.

Takardar gida takan zo wata biyu sau ɗaya, da ajami, rubutun limamin Lambara, maganar Inna. Gaisuwa ce shafi guda, sai labarin ruwa, sai saniyar da ta haihu, sai wanda ya rasu. Can ƙarshe, a gefen takarda, sai a ce na gida duk lafiya, har da wancan. Iyakar labarinsa ke nan. Nakan sa yatsa a kan kalmar in zauna.

A shekara ta biyu aka kai mu wani gidan renon yara a bayan gari, inda ake ajiye waɗanda iyayensu ba sa nan. Tsaf-tsaf, ga abinci, ga gadaje a jere. Ran nan ranar ziyara ce. Wani matuƙin jirgin ruwa ya zo ganin ɗansa bayan shekara ɗaya da rabi, ya shigo da hula a hannu da 'yar mota ta katako. Yaron bai wuce shekara uku da rabi ba. Uban ya durƙusa ya buɗe hannu. Yaron ya dube shi kamar yadda ake duban bango, ya karɓi motar, ya juya ya tafi wurin mai reno. Bai yi kuka ba, bai yi fushi ba. Mutumin ya daɗe a durƙushe da hannu a buɗe.

A hanyar komawa Mis Tomsin ta yi mana bayani. Ta ce yaro ƙarami in aka raba shi da nasa, da farko kuka yake yi yana nema, daga baya ya yi shiru ya daina nema, a ƙarshe ya saki, ya koma wasa da kowa, mutane su ce ya warke. Wanda ya tafi in ya dawo, sai ya tarar an rufe wurinsa. Ina zaune a bayan mota ina jin kowace kalma tana sauka a cikina. Wancan mutum ya taɓa rungumar ɗansa, ya goya shi a wuya, amma ga yadda aka yi masa. To ni fa, da ko ina gida ban bar wa yaron abin da zai tuna ba? Tsoro ya shige ni, tsoron cewa zan koma in zama baƙo a wurin ɗana har abada.

Kwana biyu ban je aji ba. Na uku na sami Mis Tomsin a ofis na ce mata na yi ƙarya, ina da ɗa. Ta cire tabarau ta ajiye. Na yi ƙoƙarin bayyana mata kunyar ɗan fari da Turancina, ina ji da kunnena maganar tana fitowa kamar rashin imani. Ta tambaye ni yaushe ya fara tafiya, ban sani ba. Wace kalma ya fara faɗa, ban sani ba. Me yake tsoro, me ke ba shi dariya, ban sani ba. Littafi uku na cika a kan Jeni, na san ba ta son ɓawon burodi. Sai ta tambayi sunansa. Na buɗe baki ya ƙi fita. Na ɗauki fensir na rubuta a takarda na tura mata, ta karanta a hankali da bakinta na Turawa, ta karya shi gida biyu.

Na tambaye ta ko zai san ni. Ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba, a bisa abin da ta sani da wuya. Amma ta ce yana hannun kakarsa, cikin danginsa, ba a gidan reno ba, kuma ita ba ta taɓa ganin Lambara ba. Ta ba ni sabon littafin rubutu mai baƙin bango. Ta ce in na isa kada in cafke shi, in zauna ƙasa daidai tsawonsa, in kira shi da sunansa, in jira.

Daga ran nan na ƙudura zan karya al'ada, a ce Malam ya je Turai ya zubar da kunyarsa, a ce. Akwai wani fili mai kududdufi kusa da gidan Misis Wud, can nake zuwa bayan azahar in zauna a benci in gwada faɗin sunan. Karon farko sai da na waiga hagu da dama kamar ɓarawon akuya, alhali ba mai ji sai agwagi. A hankali bakina ya saba. A jirgin komowa kullum da safe nakan tsaya a baya in faɗa wa ruwa shi sau bakwai. Ran da zan bar gidan, Jeni ta ba ni wani maɓalli ja ta ce in kai wa rana ta garinmu, tunda na ce ta fi tasu zafi.

Jirgin ƙasa ya kai ni Gusau, babbar mota ta kai ni Sakkwato, wata ta sauke ni Shagari, na ƙarasa Lambara a ƙafa da damina, gero ya kai gwiwa. Mai ɗakina ta riga ni zuwa daga Boɗinga. Kwana uku gida bai huta da masu barka da sauka ba. Na hango yaron tun ranar farko, ya yi tsawo, yana da hancin Inna da manyan idanu. Yakan zauna can bakin rumbu yana kallon masu shigowa. Kowa ya zo sai ya kira shi ya shafa kansa, ya ce ga babanka ya dawo ko ya yi masa ba'a. Shi dai bai zo wurina ba, bai kuma gudu ba. Kallon nan na gidan reno nake ta nema a fuskarsa, na kasa tantance ko shi ne. Sunan kuwa yana bakina, amma a gaban liman da kawunnai ya ƙi fita.

Rana ta huɗu da hantsi maza sun tafi gona. Na ɗauko baƙin littafi da ƙoƙo biyu da 'yar gora, na shimfiɗa tabarma ƙarƙashin tsamiyar tsakar gida. Na ce wa Inna aikin gwamnati ne, an ce in gwada yaro mai shekara huɗu, ko akwai wani a kusa? Ta dube ni ta gefen ido. Ta ce akwai wani, ta turo shi, ta koma bakin turmi ta ba mu baya.

Ya zo ya tsuguna nesa da tabarma. Na zauna ƙasa daidai tsawonsa yadda aka ce. Na zuba nono a ƙoƙo biyu, na juye ɗaya a gora, na tambaye shi wanne ya fi yawa. Ya ce duk ɗaya ne, sai dai na zubar da kaɗan a tabarma. Na rubuta. Na ce a raina tambaya biyu zan ƙara, sannan in kira shi, kome zai faru ya faru.

"Ɗan wa na kai?"

"Ɗan Malam."

"Ina Malam ɗin yake?"

Ya dube ni irin duban da ake yi wa wanda ke neman hularsa tana kansa.

"Kai na."

Na ce ai don ya ji mutane na faɗi ne. Ya girgiza kai. Ya ce mutane na yi masa ƙarya kullum, ko kwanan baya an nuna masa mai goro an ce babansa ne.

"To ƙaƙa kas sani?"

"Kowa yaz zaka shina kiran sunana," in ji shi. "Kawu na kira, liman na kira, mai goro ma ya kira. Kai ɗai ba ka kira. Baban Dije ma ba shi kiran Dije."

Dije 'yar farin maƙwabcinmu ce. Ashe kwana ukun nan da yake zaune bakin rumbu aiki yake yi, yana sauraren bakin kowa, yana jiran ya ga ko ni ma zan kira in zama kamar mai goro. Taɓaryar Inna ta tsaya. Sunan yana kan harshena, na yi wata shida ina wasa shi, na faɗa wa agwagi, na faɗa wa teku. Na dubi yaron yana jira, na ga da wannan abu ɗaya ya riƙe ni. Sai na haɗiye.

Na ce, "Kai, matso nan."

Ya taso ya hau tabarma, ya jingina da gwiwata, ya ɗauki ƙoƙon ya shanye nonon gwamnati. Inna ta ci gaba da daka, ba ta waigo ba.

Yau shi ma yana da furfura da jikoki. Ban taɓa kiran sunansa ba, kuma bai taɓa ƙin amsawa ba.